A Nuna wa Ɗan Aike Nauyin Cefane Kafin Ya Ce Ya Karɓa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya haɗa matasanmu masu ƙirƙirar manhajojin waya da 'yan'uwansu masu hawa babur suna kai wa mutane cefane har ƙofar gida. Ni mai shagon kayan masarufi ne a Kano, kuma yanzu wani kaso na cinikina ta hannun 'yan aike yake fita, saboda haka abin da zan faɗa daga bakin shagona nake ganinsa.

Wannan sana'a ba ta daɗe ba a ƙasar nan, amma ta yi saurin kafuwa. Lokacin da gwamnatin Legas ta hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja a manyan sassan birnin a watan Fabrairu na 2020, kamfanin Gokada, mai jigilar fasinja a babur, ya koma kai saƙo. A 2021 aka kafa Chowdeck a Legas, kuma a shekarar ce Glovo, wanda asalinsa na Barcelona ne a Sifaniya, ya shigo Najeriya. Wasu sun gwada sun janye, domin Jumia Food da Bolt Food duk sun rufe harkarsu a ƙasar nan a ƙarshen 2023. A Arewa kuwa yawancin masu wannan aiki ƙananan kamfanoni ne, wasu da WhatsApp kawai suke karɓar oda, wasu kuma sun fara ba matasa kwangilar gina musu manhaja tasu. Da waɗannan na ƙarshe nake magana, tun kafin su kwafo tsarin wasu su liƙa mana shi da kurakuransa.

Kowace irin wannan manhaja fuska biyu gare ta. Akwai wadda mai saye yake gani, wadda aka ƙawata da hotunan tumatir jajir da kaji masu ƙiba, aka yi ta gyara har yatsa ba ya tuntuɓe a cikinta. Akwai kuma wadda ɗan aike yake gani, wadda sau da yawa za ka rantse a daren da za a ƙaddamar da manhajar aka tuna da ita. A cikin wannan fuska ta biyu, shafin da ya fi kowane muhimmanci shi ne wanda yake fitowa lokacin da oda ta shigo, kafin ɗan aiken ya danna cewa ya karɓa. Abin da na saba gani a wayoyinsu shi ne sunan shago, da nisan tafiya, da kuɗin da za a biya shi, sai wata lamba da ke cewa kaya shida ne ko tara, sai kuma agogo da ke ƙirga daƙiƙoƙi yana matsa masa ya yanke shawara.

Wannan lamba ba ta gaya masa komai ba. Kaya shida na iya zama gwangwanin madara biyu, da kwalin sukari, da ganyen shayi, da burodi biyu, waɗanda duk za su shige leda ɗaya. Kaya shida kuma na iya zama buhun shinkafa mai kilo 50, da jarkar man gyaɗa mai lita 25 wadda nauyinta ya kai kilo 23, da jakar ruwan leda biyu, da kiret ɗin ƙwai biyu. Kowace jakar ruwa tana ɗauke da ƙulli 20 na rabin lita, wato kilo 10 ke nan. Idan aka haɗa, kayan sun haura kilo 90, kuma a cikinsu akwai ƙwai 60 da ba sa son girgiza. A fuskar waya waɗannan odoji biyu kamarsu ɗaya, kuɗinsu ma wani lokaci ɗaya ne, tunda da nisa kaɗai aka yi lissafi.

Na sha ganin abin da ke biyo baya. Yaro zai iso da babur da akwatinsa a baya, ya cire hular kwano, ya ga tarin kayan da aka jera masa a ƙofar shago, ya yi shiru yana kallonsu. Akwatin ba zai ci buhu ba, don haka sai ya kwanto igiyar roba da aka yanko daga tsohon tub, ya ɗora buhun a kan tankin mai, ya rataye jarkar a gefe guda, babur ɗin ya karkace, ya sake kwancewa ya gyara. Ƙwan kuwa sai ya roƙi kwali a wurina ya yi masa shimfiɗa. Duk wannan lokaci agogon manhaja yana tafiya, mai oda kuma tana kira tana tambayar ko lafiya. Hanyoyi uku ne a gabansa, kuma babu ta daɗi a ciki. Ko ya soke odar, manhaja ta rage masa maki ta daina turo masa aiki mai kyau. Ko ya yi sawu biyu da man da ya saya da kuɗinsa, wanda kowa ya san yadda farashinsa ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023. Ko kuma ya labta komai ya shiga titi da babur ɗin da birkinsa ba zai kama yadda ya saba ba. Yawancinsu ta ukun suke ɗauka, saboda ita ce ba ta taɓa aljihu nan take.

Ɗan dako a kasuwar Singa ba ya cewa ya yarda sai ya ga kayan da idonsa, ya kama gefen buhu ya jinjina, ya tambayi inda za a kai, sannan a yi ciniki. Ba wanda ya taɓa ganin wannan a matsayin rashin kunya ko ƙin aiki. Manhajar da ta ɓoye nauyi ta ƙwace wa ɗan aike wannan haƙƙi da ɗan dako yake da shi tun kaka da kakanni, ta sa shi amsa ciniki a kan kayan da bai gani ba.

Abin da nake so shafin farko ya nuna ba shi da yawa, kuma ya kamata mutum ya fahimce shi da kallo ɗaya: jimillar nauyi da manyan lambobi, da abu mafi girma a cikin odar tare da hotonsa, da alama idan akwai mai fashewa ko mai zuba ko mai buƙatar sanyi, da unguwar da za a kai, da kuɗin aikin gaba ɗaya. Masu ƙirƙira za su ce ai ba su san nauyin kowane kaya ba. Wannan uzuri bai kai ba. Duk abin da aka sarrafa a kamfani an rubuta nauyinsa ko yawan litarsa a jikinsa, shigar da shi cikin rumbun bayanai ne kawai ba a yi ba. Kayan awo ne suke da ɗan wuya, domin mudu da tiya da kwano suna bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kwandon tumatir ma akwai babba akwai ƙarami, amma ɗan aike ba ma'aunin zinariya yake nema ba. Ƙiyasi ya ishe shi, muddin zai raba masa oda gida uku: wadda za ta shiga akwati, da wadda sai an ɗaura a baya, da wadda ba ta babur ba ce sam, sai A Daidaita Sahu ko 'yar ƙurƙura. Idan tun wajen rajista an tambayi kowane ɗan aike irin abin hawansa da girman akwatinsa, to odar buhu biyu ba ta da dalilin faɗowa wayar mai babur tun farko.

Ina da yaƙinin cewa ɓoye wannan bayani ba kullum mantuwa ba ce. Mai kamfani yana da nasa lissafin, kuma ya kamata a faɗe shi da adalci: idan aka nuna wa 'yan aike komai, kowa zai zaɓi mara nauyi mai kusa, a bar odar buhu da ta bayan gari babu mai ɗauka, mai saye ya gaji da jira ya koma wani wuri. Damuwar gaskiya ce, amma maganinta a biya nauyi kuɗinsa. Kamfanin Instacart na Amurka, wanda aka kafa a 2012 domin wannan aiki na sayo cefane a kai gida, yana nuna wa ma'aikacinsa shago da nisa da yawan kaya da kuɗin aiki kafin ya karɓa, kuma yana da ƙarin kuɗi na musamman ga oda mai nauyi. Ba ina cewa kamfanin waliyyi ba ne, domin a 2019 sai da ma'aikatansa suka yi ta ƙorafi kafin ya daina lissafa kyautar da masu saye ke ba su a cikin ainihin ladansu. Sai dai ya nuna cewa ana iya saka nauyi a cikin farashi kasuwanci bai rushe ba. A birnin New York kuwa doka ce ta shiga tsakani. Majalisar birnin ta zartar da wasu dokoki a watan Satumba na 2021 game da masu kai dafaffen abinci, waɗanda suka wajabta wa kamfanoni su gaya wa ɗan aike inda zai ɗauko kaya, da nisa, da ƙiyasin lokaci, da abin da zai samu, kafin ya amsa. Dokokin sun ba shi ikon ƙayyade iyakar nisan da zai yi da ƙin bin gada ko hanyar ƙarƙashin ƙasa, sun kuma tilasta wa kamfani ba shi jakar riƙe zafi kyauta bayan ya kai saƙo shida. Da kamfanonin suna bayar da wannan bayani don ra'ayin kansu, da majalisa ba ta ɓata lokacinta ba.

Bayan karɓa akwai wani ɗan lokaci, kafin a tayar da babur, wanda a cikinsa ne ake shirya aiki ko a lalata shi. A nan ya kamata manhaja ta gaya wa ɗan aike abin da zai riƙo daga inda yake: kula mai ƙanƙara a ciki idan akwai kifi ko kaza ko yogot, ƙarin igiya idan akwai buhu, babbar leda idan damina ce, da canji idan mai oda ta ce kuɗi hannu za ta biya. Batun canjin nan ƙarami ne a ido, amma ya isa ya tsayar da mutum minti goma a ƙofar gida ana aiken yaro shagon maƙwabta. Tambaya ɗaya ga mai saye lokacin yin oda, cewa taransifa za ta yi ko kuɗi hannu, kuma takardar nawa ce a hannunta, ta kashe wannan matsala. Idan kuma ɗan aiken ne zai fitar da kuɗinsa ya saya a biya shi daga baya, to lallai ya san adadin tun kafin ya karɓa, domin ba kowa ke yawo da dubu hamsin a asusu ba.

Inda ɗan aike da kansa zai shiga kasuwa ya yi cefanen, jerin kayan yana buƙatar tunani na daban. Uwargida tana rubuta oda yadda abubuwa suka zo mata a rai: albasa, sabulu, nama, gishiri, attaruhu, omo. Idan manhaja ta miƙa masa jerin a haka, zai yi ta kai da kawo tsakanin rumfuna. A manyan kantunan Amurka manhajar Instacart tana tara kaya bisa sashen da suke a cikin kanti. Mu namu tsarin ya fi wannan faɗi, domin a Kano kayan miya a 'Yankaba suka fi araha, kayan marmari a 'Yanlemo, kayan kamfani a Singa, hatsi kuma a Dawanau, kuma tsakanin wasunsu tafiya ce mai nisa. Manhajar da ta san gari za ta nuna masa tun farko cewa wannan oda tsayawa biyu ce ko uku, ta jera busassun kaya a gaba, kayan miya a tsakiya, nama da duk abin da ya fito daga firij a ƙarshe. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, kifin da aka fara saya aka bar shi cikin akwatin da rana ke duka ba zai isa gida da mutuncinsa ba. Haka nan ya kamata ta ja kunnensa idan oda ɗaya ta haɗa abinci da kalanzir ko maganin sauro ko garin wanki, domin gari da sukari suna ɗaukar wari, kuma idan suka ɗauka ɗan aiken ake ɗora wa laifi.

Sai maganar abin da ba a samu ba da farashin da ya motsa, wadda ita ce ta fi cin lokaci da katin waya. An rubuta wata irin madara, an je babu ita; an rubuta tumatir na dubu biyu, an tarar da damina ta sa ya yi tsada har na dubu biyun bai rufe gindin leda ba. Yaro zai tsaya a tsakiyar kasuwa yana kiran lambar da ba a ɗauka. Gyaran wannan a ɓangaren mai saye yake. Tun lokacin da take zaɓar kaya a tambaye ta: idan babu wannan a kawo wane, ko a bar shi? Idan farashi ya ƙaru, har nawa kika yarda a ƙara ba tare da an kira ki ba? Amsoshin su bayyana a ƙarƙashin kowane kaya a wayar ɗan aike. Inda dole sai an yi magana, a ba shi damar ɗaukar hoto da tura saƙon murya da dannawa ɗaya, tunda mutanenmu sun riga sun saba da saƙon murya fiye da rubutu.

Adireshi kuwa kowa ya san halin da muke ciki. Taswirar waya tana iya kai mutum bakin unguwa, amma a cikin lungunan birni kwatance ne yake aiki: bayan masallacin Juma'a, layi na biyu, kusa da tiransifoma, gida mai baƙin ƙyaure. Ghana ta fito da tsarin GhanaPostGPS a 2017, Google ma yana da Plus Codes da ke ba kowane wuri gajeriyar lamba, kuma babu laifi a yi amfani da irinsu. Amma abin da zai fi amfani a wurinmu shi ne manhaja ta adana kwatancen da mai gida ya faɗa da bakinsa, da hoton ƙofar, da gyaran da ɗan aiken da ya fara zuwa ya yi, domin na bayansa ya saurara tun kafin ya tashi. A ƙara da wani abu da manhajar da aka gina a Turai ba za ta taɓa tunawa da shi ba, wato wanda zai karɓi kayan. A gidaje da yawa namiji baƙo ba ya shiga, sallama zai yi a turo yaro. Idan kayan buhu ne mai kilo 50 kuma yaron da ke gida ɗan shekara bakwai ne, ya kamata a san haka tun da wuri a shirya wanda zai shigar da shi. Lambar matar gida kuma bai dace ta zauna a wayar kowane ɗan aike ba bayan an gama aiki. Ana iya haɗa kira ta cikin manhaja ba tare da bayyana lamba ba, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗora wa kamfani nauyin kula da irin wannan.

Duk wannan bayani ba shi da amfani idan ba ya karantuwa a inda ake aiki. Mai ƙirƙira yana gwada manhajarsa a ofis mai sanyi da babbar waya, ɗan aike kuma yana duba ta a tsakar rana a kan ƙaramar Itel ko Tecno mai tsagaggen gilashi, da safar hannu ko da yatsa mai gumi, cajinsa saura kaɗan, sabis kuma yana ɗaukewa da zarar ya shiga cikin rumfunan kwano. Rubutu mai launin toka a kan fari ɓacewa yake yi a rana. Google da kansa ya ba da shawarar kada wurin dannawa ya gaza kimanin milimita 9, kuma ga mai safar hannu ya kamata a wuce haka, a kuma nisanta madannin karɓa da na sokewa. Jerin kaya da kwatance su sauka cikin waya tun lokacin karɓa, yadda ko babu data za su buɗe. A saka Hausa, amma Hausar kasuwa, wadda mai sana'ar ya duba ya yarda da ita, domin fassarar inji da ke kiran abu da sunan da ba wanda ya taɓa ji ta fi Turancin wahala. Ga wanda karatun boko bai yi masa nisa ba, a sa manhajar ta karanta masa jerin da murya. Idan kuma babur yana tafiya, wayar ta san haka, don haka ta riƙe sabuwar oda har ya tsaya.

Agogon da ake ɗora musu shi ma yana buƙatar gyara. A China, bayan ce-ce-ku-cen da aka yi a 2020 kan yadda manhajojin kai abinci na Meituan da Ele.me suke matse lokaci har mahaya suna keta dokar hanya, kamfanonin sun ƙara wa 'yan aike wasu mintoci, sannan a watan Yuli na 2021 hukumomin ƙasar suka umarci kamfanoni su daina auna ma'aikata da lissafin lokaci mafi tsanani. Namu lissafin ya kamata ya san cewa ana rufe wasu tituna lokacin sallar Juma'a, cewa ana cunkoso gab da shan ruwa a watan azumi, cewa ruwan sama yana mayar da wasu layuka kududdufi, kuma cewa babur mai kilo 90 a baya ba ya gudun wanda ya ɗauko burodi. Lokacin da ɗan aike ya ɓata yana jiran mai shago ya haɗa kaya, kuma mu masu shaguna muna da namu kason a wannan jinkiri, bai kamata a lissafa shi a kansa ba. Agogonsa ya fara daga lokacin da kaya suka shiga hannunsa.

Roƙona ga masu ba da kwangilar irin waɗannan manhajoji shi ne su sa a cikin yarjejeniya cewa mai ƙirƙira zai yini a bakin shago da cikin kasuwa tare da 'yan aike kafin ya zana shafi ko ɗaya, kuma ba za a karɓi aikin ba sai 'yan aike sun gwada shi da wayoyinsu a rana. Ga hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, wato NITDA, da cibiyoyin da ke horar da matasa wannan fasaha, ina ba da shawarar su sa ɓangaren ɗan aike cikin abin da suke dubawa idan ana gasar sababbin manhajoji. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilinka ƙofar kowace babbar kasuwa da hantsi, ya nemi 'yan aike su nuna masa abin da ke fitowa a wayarsu idan oda ta shigo, ya buga mana hotunan tare da hoton kayan da suka tarar.

Na gode da wannan fili da aka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani mai shagon kayan masarufi,
Kano.